Wasiƙa daga Ingila: A Auna Ɗaki Kafin a Je Wurin Kafinta

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na Katsina, tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, da 'yan'uwa na Daura. Ina gaishe ku da kyau. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa?

Maganar ƙuncin ɗaki ce ta sa na rubuto. Kusan duk 'yar'uwar da muka yi waya da ita, in hira ta yi nisa sai ta ce ɗaki ya yi mata kaɗan, tana jiran maigida ya samu hali a fasa bango ko a ƙara gini. Ga siminti ya yi tsada, ga da yawa a gidan haya suke, ba damar taɓa ko bulo ɗaya. Ni dai a ganina yawancin ɗakunanmu ba su yi kaɗan ba, kayan da muke cusa musu ne suka fi ƙarfinsu.

A gida ana ɗauka duk wanda ke Turai a wani makeken gida yake. Ba haka ba ne. A ma'aunin da gwamnatin Ingila ta fitar a 2015 domin sababbin gidaje, mafi ƙanƙantar ɗakin kwana na mutum ɗaya murabba'in mita 7.5 ne, na mutum biyu kuma 11.5. Ɗakinmu na gida da magina ke kira sha biyu-sha biyu, wato ƙafa 12 kowane ɓangare, ya haura murabba'in mita 13. Kun ga ya ma fi abin da aka yanka wa mata da miji a nan. Kuma ɗan haya ba ya huda bango yadda ya ga dama, domin akwai kuɗin ajiya da yake bayarwa lokacin shiga, wanda doka ta yarda ya kai na hayar mako 5, a ciki ake cire kuɗin duk ɓarnar da ya yi. Shi ya sa za ki ga mace ta shiga kantin kayan ɗaki da tef ɗin awo a jaka. Sai ta auna gurbin da ke gidanta, sannan ta sayi abin da zai shiga.

Mu yi lissafin nan tare. Ɗaki sha biyu-sha biyu murabba'in ƙafa 144 ne. Katifa shida-shida ita kaɗai ta cinye 36, rubu'in ɗakin ke nan, ba a sa allon gado da durowowin gefe ba. A kawo sif mai ƙofa huɗu, a kawo madubi da kujerarsa, sai a tarar abin da ya rage 'yar hanya ce da ake bi a karkace. In da katifa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi da tsawon ƙafa shida aka saya, 27 za ta ci. Tazarar 9 ɗin nan ita ce daidai wurin shimfiɗa darduma a yi salla cikin natsuwa, ba goshi na neman bugun ƙafar gado ba.

Iyayena mata, ku yi mini haƙuri, nan maganar taku ce. Na san abin da ke ran uwa in za ta aurar da ɗiya. Shekaru take adashi, tana tara kwano da kula, don kada dangin miji su yi wa ɗiyarta gori. Wannan ƙauna ce, ba wanda zai raina ta. Amma 'yan ganin ɗaki kwana nawa suke yi? Su zo, su yaba jere, su sa albarka, su watse. Yarinya ce za ta zauna shekara da shekaru tana ɗage saitin kujeru kafin ta yi shara, tana goge ƙurar hunturu a kan kulolin da ba a taɓa zuba abinci cikinsu ba. In haihuwa ta zo, babu inda yaro zai yi rarrafe. Don Allah ranar da za a je ganin gidan da amarya za ta tare, a tafi da abin awo, a rubuta tsawo da faɗi, har da faɗin ƙofa da inda taga take, a kai wa kafinta. A ce ya ɗaga ƙafar gado, ya yi masa durowa a ƙasa. Sif kuma ya tafi sama har kusa da silin maimakon ya baje a ƙasa. Rarar kuɗin ta zama keken ɗinki ko jari a hannun yarinya.

Wadda kuma kaya sun riga sun cika mata ɗaki, kada ta fara da sayen sabuwar kanta. Ta fara da fitarwa. A zaɓi rana a zazzage sif gaba ɗaya a kan tabarma. Atamfar da aka ɗinka don anko aka sa sau ɗaya, kayan yaran da suka girma, takalmin da ya matse ƙafa, duk akwai mai buƙatarsu a dangi ko a maƙwabta, ga lada kuma. Akwatunan lefe da ke jibge a kan sif babu komai a ciki, ko dai a zura ƙanana cikin manya, ko a cika su da barguna da rigunan sanyi da zarar hunturu ya wuce. Kayan da ake sawa kullum su zauna inda hannu ke kaiwa, na salla da biki su hau sama.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku tuna ɗakin kakanninmu a cikin birni. Ƙwaryar nono tana rataye a ragaya, fitila tana cikin alkuki, tufafi suna cikin adudu, tabarma kuwa da gari ya waye an naɗe ta an jingine. Ɗaki ɗaya ne, a nan ake kwana, a nan ake karɓar baƙi, a nan ake kaɗi, kuma tsakiyarsa fayau. Komai yana jikin bango ko yana sama, ƙasa ta mutane ce. Yau ma haka za a yi: maratayi a bayan ƙofa don hijabai da jakar makaranta, katako ɗaya a saman ƙofa don abin da ba a nema kullum, katifar yara mara nauyi da za a ɗage da safe. Mai gidan haya a gida ba kasafai yake hana ƙusa biyu ko uku ba in an nemi izininsa.

A kicin, ludayi, muciya, maburgi da rariya duk a rataye su. Buhun gero da na masara a ɗora su kan katako, a ɗan janye su daga bango saboda danshin damina da ɓera. Wake kuma in ya bushe sosai a zuba a jarka a cika ta, a toshe bakin ruf, ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska.

Sai dai a yi hattara wajen hawa sama da kaya. Masu nauyi a ƙasa suke zama. A 2016 kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan ƙananan yara sun kashe su, domin yaro yakan jawo durowa ya taka. Duk sif ko kanta mai tsawo a sa kafinta ya ɗaure ta da bango. Tukunyar gas a tsaye take zama, a inda iska ke shiga, ba a ɗakin kwana ba. Gawayi mai wuta kuma kada ƙuncin wuri ko sanyi ya sa a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, iskar gubar da yake fitarwa ba ta wari amma tana kisa.

Iyayenmu maza da mazajenmu, ku ma da naku kason. Tsohuwar taya, mataccen batir, fankar da ake cewa za a kai gyara tun bara, su ne suka tare zaure da lungun tsakar gida. A kira 'yan gwangwan su auna su biya. Kuma in uwargida ta ce za ta sayar da kujera biyu cikin saitinta don yara su samu wurin karatu, a goya mata baya, kada a ce me mutane za su ce.

A gaida mini kowa da kowa. Allah ya yalwata mana arziki, ya sa albarka a gidajenmu.

Wassalam,
'yar'uwarku daga Ingila.