Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar da na kwance wa jitata wuya

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a inda na mallaki jitar lantarki ta kaina, har muka fara karɓar kiɗan biki a unguwannin Agadas, mu huɗu: ni, mai jita ta biyu, mai ganga, da yaron da ke kula mana da inji da lasifika. Ban cika shekara ina cin wannan daɗi ba aka shiga 2007.

A watan Fabrairu 'yan tawayen Buzaye na ƙungiyar MNJ suka kai wa soja hari a Iferwan, can cikin duwatsun Abzin. Mun ɗauka abin zai tsaya a daji. Zuwa watan Agusta Shugaba Tanja Mamadu ya sa jihar Agadas cikin dokar ko-ta-kwana, nakiyoyi na tashi da motoci a kan hanya, Turawan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa ɗif. Aure bai tsaya ba, amma sai a ɗaura da safe a watse kafin magariba, babu kiɗa.

Wanda ba ɗan can ba zai ce me ya haɗa jita da yaƙi. Tun tawayen farko, na 1990 zuwa 1995, waƙoƙin jita na Buzaye ke yawo a kaset daga hannu zuwa hannu, suna kiran matasa su tashi. Saboda haka a idon mai kaki, saurayi da rawani da jita a kafaɗa ɗan aiken 'yan tawaye ne. Ni Bahaushe ne, waƙoƙina na soyayya ne da yabon amarya, amma wa zai tsaya sauraren baiti a shingen bincike? Malamin da ya koya min kiɗa, Buzu ne, ya ɓace daga gari ba sallama. Makaɗin jita Omara Moctar, wanda duniya ta sani yanzu da Bombino, shi ma a wannan rikici ya tsallaka Burkina Faso.

Wata rana bayan isha'i Inna ta same ni a zaure ina taɓa tsirkiya a hankali, ban ko jona wuta ba. Ta daɗe a tsaye kafin ta yi magana.

"Ɗan nan, ka fitar min da abin nan daga gida. Ko ka ƙone shi, ko ka bi shi ku tafi tare."

"Inna, ai ba na kaɗawa a waje."

"Maƙwabta na da kunne. Kawunka na Kano, ka je wurinsa."

A daren na ɗauko sukundireba. Irin jitata kusoshi huɗu ne ke riƙe wuyanta da gangar jiki. Na sassauta tsirkiya shida na naɗe su na sa a aljihu, na kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Da wuyan ya rabu ya faɗo min a cinya, wallahi sai da na yi hawaye, kamar na yanka abin da na yi kiwo. Na naɗe wuyan a bargo, gangar kuma na tura ta tsakiyar buhun tufafi. Muka bi ta Tanut, Damagaram, Matamaye, Daura. An sauke mu sau da yawa, Allah ya rufa asiri ba wanda ya zazzage buhun.

Kawu na zaune a Fagge, ya sama min aikin dakon atamfa a Kantin Kwari. Abin da ya ba ni mamaki, a cikin birni akwai unguwa guda mai suna Agadasawa, ta kakanninmu fatake. Na je na zaga ta da ƙafa don kawai in ji sunan garinmu a bakin mutane.

Da na ɗan zauna sai na mayar wa jita wuyanta na nufi Titin Gidan Zu, inda ake buga waƙoƙin finafinan Hausa. Lokacin kasuwar waƙa na ci, har makaɗan ƙasarmu na zuwa Najeriya ɗaukar sauti. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Na shiga wani situdiyo na yi sallama, na ce ni makaɗin jita ne ina neman aiki. Mai wurin ya karɓe ni da mutunci, sannan ya danna wani maɓalli a fiyanonsa ya kaɗa.

"Ka ji, Malam? Akwai jita a ciki. Akwai sarewa, akwai kalangu. Mutum ɗaya ya isa."

Na yi godiya na fito, amma raina bai yarda ba, har yau kuma bai yarda ba. Kiɗanmu a yatsun hagu yake. Kana bugun tsirkiya sau ɗaya da dama, yatsun hagu su sauka su ɗaga sau uku, babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri tana gurnani a ƙasa, kiɗan na rangaji kamar tafiyar raƙumi. Sai ka tura tsirkiya sama ta yi kukan da kake so. Maɓalli ba ya lanƙwasuwa, yadda ka danna jiya haka zai fito gobe.

Wata takwas na yi ban ji muryar jitata a lasifika ba. Tsirkiya ta yi tsatsa, siririyar ta tsinke. Wani abokin dako ya ce in gwada Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan kiɗan coci. Can na sami shago cike da ganguna da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai shi wani dattijo ne Inyamuri mai jin Hausa sarai. Na sayi tsirkiya na ɗaura a gabansa, sai ya miƙo min waya ya ce in jona in gwada.

Hannuna na rawa na fara. Ban san na rufe ido ba sai da na buɗe na ga masu wucewa sun tsaya a ƙofa. Dattijon ya ce, "Ɗana, daga ina ka zo da wannan?" Na ce Agadas. Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake takawa da ƙafa, ya haɗa tsakanin jita da amfilifaya, ya ce in taka. Na taka, na bugi tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito da kauri da ƙara kamar hadari ya taso, ya ƙi mutuwa, sai da na ɗora tafin hannu a kai.

Ya yi murmushi, ya kunna min faifan bidiyo a ƙaramar talabijin: wani Baƙar fata ɗan Amurka, bahago, ya juya jitar dama yana kaɗawa a gaban dubban mutane. Ya ce sunansa Jimi Hendrix, ya rasu a 1970 yana da shekara 27, irin kiɗansa kuma shi ake kira rok. Na zauna a kan wata ganga na kalla har aka kira la'asar.

Da zan tafi ya ce in dawo ran Asabar da jitata, akwai wasu yara masu ganga da yake so mu haɗu. Kawu bai san ma na je Sabon Gari ba. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.