Ruwan zartsi a Sakkwato: abin da yake yi wa buta, hita da wanki

A unguwanni da yawa na Sakkwato, ruwan da ke fitowa a famfon gida daga rijiyar burtsatse aka turo shi zuwa tanki. Garin kuwa yana zaune ne kan farar ƙasa, irin dutsen da kamfanin siminti na Kalambaina ke haƙa. Ruwan sama idan ya ratsa wannan dutse yakan narkar da sinadarin kalsiyam da magniziyam ya tafi da su ƙasa, shi ya sa ruwan rijiyoyi da dama ke da zartsi, ba ya kumfa. Gida da gida ma sukan bambanta, domin ya danganta da zurfin da aka haƙa da irin shimfiɗar da aka tarar.

Gwajinsa ba wuya. A samu gorar roba biyu, a zuba ruwan famfo a ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin uku, ɗayar kuma ruwan sama. A kankare sabulun wanki na sanda daidai wa daida a kowacce, a girgiza sosai. Ruwa mai kyau zai tashi da kumfa, ƙasansa garau. Mai zartsi zai yi fari kamar tsararo, kumfar 'yar kaɗan, ga gudaji-gudaji na yawo a sama. Kada a gwada da omo, an haɗa shi ne don ya yi kumfa ko a wane ruwa. A ɗakin gwaji kuma, ruwan da farar ƙasar da ta narke a cikinsa ta haura miligiram 120 a lita an sa shi cikin masu zartsi, wanda ya wuce 180 kuwa ya yi yawa ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsaya a 150.

Zartsin iri biyu ne, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Akwai wanda tafasawa ke fitarwa: da ruwan ya yi zafi sai farar ƙasar ta rabu da shi ta manne a jikin tukunya. Farin ɓawon da ke gindin butar lantarki ke nan. Ruwa mai miligiram 200 a lita, idan ana tafasa lita 10 kullum, zai iya barin har giram 2 a rana. Ɗaya irin kuma daga jibsam yake, wani ma'adini mai laushi da ake sawa a siminti, wanda akwai shi a ƙasar wajen Dange, kuma shi ko an kwana ana tafasawa yana nan. Alam ba ya cire ko ɗaya daga cikinsu, aikinsa kwantar da laka ne. Haka ma matatar nan mai farin zare da ake ɗaurawa a bakin tanki, yashi kawai take tarewa.

Hitar wanka ce ta fi shan wahala. Ɓawon yakan lulluɓe ƙarfen da ke dumama ruwan, zafi ya kasa fita, ƙarfen ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Kafin nan za a ji tana ƙara ƙas-ƙas, ruwa na daɗewa bai yi zafi ba, mita kuma na cin kuɗi. A saita ta a digiri 60, kada a kai ta ƙarshe, domin ɓawon ya fi taruwa da tsananin zafi. Sau ɗaya a shekara mai gyara ya kashe wuta, ya zubar da ruwan, ya ciro ƙarfen ya jiƙa shi a ruwa mai tsami irin khal (vinegar).

Buta kuwa a gida ake yi. A haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi har ya rufe ɓawon, a tafasa, a bar shi awa ɗaya, a zubar, a ɗauraye sau biyu. In babu khal, lemun tsami biyar ko shida sun isa idan ɓawon bai yi kauri ba. Kada a kankare da wuƙa. Kan shawa da ya toshe, a kwance shi a jiƙa cikin khal ya kwana, a bi ramukan da tsinken sakace. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: khal ba ya haɗuwa da Hypo ko wani bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Wajen wanki, sabulun sanda ne ke tafiya a banza, domin kalsiyam na kama shi ya zama dauɗar da ke sa farin yadi ya dushe, tawul ya yi tauri. Omo ya fi dacewa da wannan ruwa. Masu son sabulu su jiƙa kanwa, su tace, su zuba kamar rabin kofi a bokiti, su bari ya kwanta kafin su sa kaya. Dalili ɗaya ne ya sa wake ke ƙin nuna da ruwan zartsi sai an jefa masa 'yar kanwa, abin da iyaye mata suka sani tun kafin a zo da famfo.

Batirin sola mai shan ruwa, lagireton mota da dutsen guga mai tururi, waɗannan kada a kusance su da ruwan famfo ko kaɗan. A sa musu tataccen ruwan batir na kanti (distilled water, ba asid ba), ya fi sabon batir arha nesa ba kusa ba.

Shansa fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa zartsi iyaka don dalilin lafiya ba, kalsiyam da magniziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata. Abin tsoro a rijiya shi ne kusancinta da masai, wannan kuwa gwajinsa daban. Mai hali zai iya sa na'urar da ke tausasa ruwa da gishiri a bayan tanki, amma sai an riƙa ƙara mata gishiri a kai a kai, in aka yi sake ta zama ado. Ƙaramar na'urar tace ruwa ta kicin da ake kira RO tana cire kusan duk zartsin, sai dai a kowace lita ɗaya da ta tace takan zubar da kamar uku, don haka a ja bututun zubarwar zuwa durom a riƙa wanke tsakar gida da shi.