Haɗi mai daidaito da haɗi mai layi ɗaya: ina amfanin kowannensu yake?

Duk wanda ya leƙa bayan amfilifaya mai ɗan tsada zai ga ramuka iri biyu: ƙananan nan ja da fari na RCA, wato haɗi mai layi ɗaya, da kuma manyan na XLR masu ƙusa uku, wato haɗi mai daidaito. Yanzu wannan rarrabuwa ta iso kan hedfon, kuma masu sayarwa sukan ce haɗi mai daidaito ya fi daɗin sauti ko ta halin ƙaƙa. Ban yarda da wannan magana a dunƙule ba, domin aikin da daidaito yake yi tsakanin na'ura da na'ura daban yake da wanda yake yi a kan hedfon.

A wayar RCA layi ɗaya ne yake ɗauke da sauti, sai layin ƙasa da ya lulluɓe shi, kuma da wannan layin ƙasa ake auna sautin, saboda haka duk ƙugin da ya ratsa shi ya zama wani ɓangare na abin da kunne zai ji. A XLR kuwa ƙusa ta 1 ce ta ƙasa, ta 2 da ta 3 su ne na sauti, an murɗe wayoyinsu wuri guda, kuma na'urar da ke karɓa bambancin da ke tsakaninsu kaɗai take dubawa. Tun da ƙugin waje yakan faɗa kan layukan biyu daidai wa daida, idan an cire ɗaya daga ɗaya sai ya ɓace, sauti kaɗai ya saura. Daga layukan tarho aka gaji wannan dabara, kuma ita ce ta sa makirfo a masallaci ko zauren taro yake jan waya mai tsawon mita talatin ba tare da gurnanin wutar lantarki mai bugun 50 a daƙiƙa ya cika lasifika ba.

A ɗakin gida, inda tazarar da ke tsakanin na'urori ba ta wuce mita ɗaya ba, RCA mai kyau ta wadatar. Inda nake ganin XLR ta cancanci kuɗinta shi ne idan an haɗa kwamfuta da lasifika masu amfilifaya a cikinsu, kowace a soket ɗinta, domin a nan ne ƙugi yakan sami hanya ta layin ƙasa.

Batun hedfon ya fi buƙatar natsuwa. Fulogi na milimita 3.5 yana da gaɓa uku: hagu, dama, da layin dawowa da kunnuwan biyu suke tarayya a kansa. Mai daidaito yana da layuka huɗu, kowane kunne da nasa biyu, ko ta XLR mai ƙusa huɗu, ko ta fulogi na milimita 2.5, ko kuma na 4.4 da ake kira Pentaconn, wanda Sony ya fara sa wa na'urorinsa a 2016. Ribar a nan ƙarfi ce, ba kashe ƙugi ba: amfilifaya biyu suna tura kowane kunne ta ɓangarori biyu, ƙarfin wuta ya ninka, wato ƙarin kusan desibel 6 a ma'aunin ƙara. Hedfon mai wuyar turawa kamar Sennheiser HD 600, mai om 300 (om shi ne ma'aunin tirjiya ga wuta), yana amfana sosai idan ƙaramar na'ura mai batir ce take ciyar da shi. Amma ƙaramin iyafis mai om 16 ba ya buƙatar haka, hasali ma yana iya fito da wani siririn huci da ba a ji a ramin milimita 3.5.

Yawancin waɗanda suka ce sauti ya buɗe da suka koma haɗi mai daidaito, a ganina ƙarar da ta ƙaru ce ta rinjaye su, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Sai an daidaita ƙarar ramukan biyu kafin kwatancin ya zama na adalci.

Abin da ya fi damuna shi ne adaftar da ake sayarwa domin cusa hedfon mai gaɓa uku a rami mai daidaito. Irin wannan adafta tana haɗe layukan dawowa na hagu da dama, alhali dukansu suna ɗauke da wuta daga amfilifaya, kuma hakan yana iya ƙona ta. Akasin haka ba shi da haɗari: hedfon mai layuka huɗu yana iya shiga ramin milimita 3.5 ta adafta lafiya lau.