Kafin ka sa farantin kamba, duba abin da zai riƙe shi

Ranar Asabar na tarar da ɗan yayata a gareji, bonet ɗin BMW E46 ɗinsa a buɗe, ga farantan kamba biyu da ya yi oda a kan kwali. Su ne ake sawa a madadin robar kan shokozoba, a tura samansa ciki, taya ta ɗan kwanta, mota ta riƙe titi a kwana. Farantan ba su da laifi. Abin da ya tsayar da ni shi ne gwangwanin madara cike da tsintattun notoci, wasu har da tsatsa. Na ce, "Da waɗannan za ka ɗaure?" Ya ce, "Kawu, ai noti noti ne."

Haka ni ma na ce lokacin da nake da BMW E36, samfurin da ya gabaci E46. Farantan da na saya na hannu ne, babu kusoshin da ke riƙe saiti, babu ɗan zoben ƙarfen da ke cike tsakanin sandar shokozoba da boris ɗin farantin. Sandar ta fi ramin siranta, na jera washa na ce ya isa. Kusoshi kuwa na zaɓi na farin ƙarfe saboda ba sa tsatsa, ban san A2-70 da aka rubuta a kansu bai kai ko 8.8 ƙarfi ba, balle 10.9 (lambobin ƙarfin kusa ke nan da ake bugawa a kanta). Ban yi daidai ba. Amma wa zan tambaya a lokacin? Makanikan da na sani gwanayen Peugeot 504 ne, intanet kuma sai an je kafe. Kuma motar ta yi daɗin kwana, wannan ba zan musa ba.

Sai ƙara ta fara, ƙwas-ƙwas a kowane rami. Na ce boris ba roba ba ne, dole ya yi ƙara. Gaskiya ce, ita ta rufe min ido. Ban je saitin taya ba, ban san taɓa kamba, wato kwanciyar taya, yana karkatar da inda bakin taya ya fuskanta ba, har cikin tayoyin gaba ya cinye, wayar cikin taya ta fito. Ranar da kusoshin hagu suka karye, ƙanwata na baya da jaririnta, sitiyari ya fizge daga hannuna. Allah ne ya tsare. Har yau in na tuna, gabana faɗuwa yake.

Na zo da niyyar shawarwari da yawa, amma kaɗan ne. Motar zuwa aiki, a ramukanmu, ka bar mata robarta. In kuma ka nace, to sa, ba zan hana ka abin da na ji daɗinsa ba. Sai dai kusa ta zama 10.9, zobe ya zama daidai kaurin sandarka, noti mai roba a ciki sau ɗaya ake ɗaura shi. Ɗaure da sifana mai awo, kada a bar injin iska ya riƙa juya sandar, yana lalata cikin shokozoba.

Ku yaran yanzu ga waya a hannu, komai na ciki, amma takardar da ta zo a kwalin ma ba kwa buɗewa, sai bidiyon hayaƙin taya! Masu E46, ƙarfen da shokozoba ke zama a jikin motar yakan kumbura in an faɗa rami, ku sa farantin ƙarfafawa. Ku je saitin taya a ranar, ba gobe ba. Kwanciyar taya ta digiri 3 kuwa ta filin tsere ce, ba ta hanyar Zariya ba.