Tarihin Rayuwar Ramanujan, Kashi na 4: Wasiƙar Akawu

Makon jiya mun bar Srinivasa Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, ya samu aikin akawu a hukumar tashar jiragen ruwa a shekarar 1912, albashi rupi 30 a wata. Ga mata, ga uwa, ga shi babu digiri, domin lissafi ya ɗauke masa hankali har ya faɗi sauran darussa a kwaleji. Takarda ta yi masa tsada, shi ya sa a kan allo yake aiki, yana gogewa da gwiwar hannu, sai amsar ƙarshe kawai yake kwafewa a littafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen da ke kewaye da shi sun san yana da baiwa, amma babu mai ilmin da zai auna ta. Suka ba shi shawara ya rubuta wa malaman Ingila. Ya aika wa Baker da Hobson na jami'ar Kambirij, bai samu biyan buƙata ba. Ni dai ban cika ganin laifinsu ba. Wa zai yarda da akawun da bai gama kwaleji ba, ya cika takardu da amsoshi babu hujja ko ɗaya?

Ranar 16 ga Janairu 1913 ya sake gwadawa, wannan karon ga G. H. Hardy, malamin lissafi na Kwalejin Trinity da ke Kambirij. Wasiƙar na ɗauke da ɗimbin ƙa'idojin lissafi. Da farko Hardy ya zaci aikin ɗan damfara ne ko na mai taɓin hankali. Amma abin ya tsaya masa a rai, da dare ya nemi abokin aikinsa Littlewood suka duƙufa a kai. Wasu ƙa'idojin sanannu ne, wasu akwai kuskure, wasu kuwa Hardy bai taɓa ganin irinsu ba. Hukuncin da ya yanke shi ne dole su zama gaskiya, don babu mai basirar da zai iya ƙirƙiro irinsu a matsayin ƙarya.

Amsar Hardy ta fito ranar 8 ga Fabrairu, kuma abu ɗaya ya nace a kai: ina hujjoji? To hujjojin ai gwiwar hannu ta riga ta goge su.

Duk da haka wasiƙar ta buɗe ƙofa. Jami'ar Madras ta ba shi tallafin rupi 75 a wata, ya ajiye aikin akawu. Zuwa Ingila ne ya gagara, domin shi Barahmin ne, wato ɗan ajin malaman addinin Hindu, kuma a al'adarsu ƙetare teku na iya sa dangi su ƙaurace wa mutum. Mahaifiyarsa Komalatammal ta ƙi. Daga baya, kamar yadda ake ba da labari, ta yi mafarki Namagiri, abar bautar gidansu, ta umarce ta kada ta tare wa ɗanta hanya.

Aka aske masa tukkunsa, aka ɗinka masa kwat da wando. Ranar 17 ga Maris 1914 ya shiga jirgin ruwa mai suna Nevasa, ya bar matarsa Janaki a gida. Ya isa Landan ranar 14 ga Afrilu, saura 'yan watanni Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ga shi mutumin da ko kusa ba ya cin nama.

Yadda ya ƙare da sanyi da abincin Kambirij, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.