Yankari tsakanin Bauchi da Abuja

Ina da ra'ayi a kan Yankari, gandun namun daji da ke jihar Bauchi, kuma ba na ɓoye shi. A 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun jihar Bauchi. Ni na goyi bayan komawar, domin makiyaya da manoman Alkaleri, da giwaye ke ɓarnata musu gona, sun fi kusa da Bauchi.

Amma kula da daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200 sai da kuɗi. Baƙi suna zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su koma gida. Masu gadin da ke kwana a daji suna fafatawa da mafarauta, su nake so a fara biya albashi a kan lokaci.