Ranar da muka ɓare tagar ɗakin yara

Talata, da dare.

Yau kam na gaji tilis, har yanzu hannuna warin ruɓaɓɓen katako yake duk da na wanke shi da sabulu sau 3, amma bari dai in rubuta kafin bacci ya kwashe ni, don kar in manta abin da na gani da abin da aka gaya mini.

Kwana 4 ana tsuga ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai da asubar yau ya ɗauke. Mu dama inda muke haka abin yake, iskar kanta a jiƙe take, shanya sai ta kwana 2 a igiya ba ta bushe ba. Maman yara ta fi wata tana ce mini ɗakin yara yana wani irin wari, irin na kayan da aka rufe a akwati da lema, ni kuma ina ta ce mata ai damina ce, a riƙa buɗe taga kawai. To yau da safe na shiga in buɗe tagar da kaina sai na ga fentin katakon ƙasan tagar ya kumbura ya yi ƙuraje-ƙuraje, na danna da babban yatsa ya lotsa. Na ɗauko sukundireba na soka a kusurwar hagu, wallahi ban ma sa ƙarfi ba ta shige kusan rabi. Gabana ya faɗi, don bara ni da hannuna na shafa wa wurin nan fenti hawa 2 da na ga ya fara baƙi, a zatona na yi maganin abin, ashe ruwa na kulle a ciki. Gadon ƙaramin yaron kuma a jikin bangon nan yake, wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Na kira wani dattijon kafinta da ya taɓa yi mana ƙofofi, wajen ƙarfe 10 ya iso. Bai taɓa zarto ba bai taɓa guduma ba, wata 'yar na'ura ya fara zarowa daga aljihu mai tsinke 2 kamar allura, ana soka su a katako ta nuna yawan ruwan da ke ciki, wai jiƙaƙƙen katako ya fi busasshe barin lantarki ya wuce, da haka take ganewa. A kusurwar da na soka ta nuna 34, ya matsa kamar taƙi ɗaya ta nuna 24, can ɓangaren dama kuwa 13. Ya ce mini, maigida ka riƙe lamba 20, muddin ruwan cikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba ruɓa ba ta samun wurin zama, in ya kai wajen 28 zuwa 30 ya kuma daɗe a haka, shi ke nan ta kama. Na ce to Baba mu cire mu sa sabo mana. Ya girgiza kai ya ce katakon ba shi da laifi, in muka sa sabo ba mu gano ta inda ruwan ke zuwa ba, ni da kai za mu sake tsayuwa a nan wurin.

Muka fita waje muka jingina tsani. Ni na hau. Magudanar ruwan da ke bakin kwano ta cika taf da ganye da laka, har ciyawa ta tsiro a ciki, bakin indararon ya toshe gaba ɗaya, kenan duk ruwan nan na kwana 4 da na gabaninsa ambaliya yake yi yana bin bango yana sauka daidai kan tagar. Na kwashe bokiti 2 na datti. Da na sauko sai ya ce in sunkuya in leƙa ƙarƙashin katakon tagar ta waje, akwai wata 'yar siririyar tsaga da ake yankawa daga wannan kai zuwa wancan, ni ban taɓa sanin da ita ba, aikinta idan ruwa ya gangaro ya biyo ƙasan katakon to yana isowa wurin sai ya ɗiga ƙasa maimakon ya zarce cikin bango. Fentina na bara ya cike ta ƙaf. Ga shi kuma gam ɗin da aka liƙe mahaɗar firam da bango ya bushe ya tsage, ruwan yana shiga ta nan ya sami kan katakon, wato inda aka yanke shi. Baba ya ce katako kamar damin kara mai rami yake, ta gefe ba ya shan ruwa sosai, amma ta kai zuƙa yake yi, shi ya sa kullum ruɓa daga kusurwa da mahaɗa take farawa. Wannan maganar ta zauna mini, don duk inda na taɓa ganin ƙofa ko taga ta lalace daga gindi ne ko daga kwana.

Sai aka fara ɓarewa. Ya sa na kwashe kayan yara, muka ɗaura takunkumi da safar hannu, ya ce tsohon fenti wani yana da dalma a ciki, ba a goge shi a bushe ana shaƙar ƙurar. Da ya ɗaga katakon tagar kai, abin ba kyan gani. Ciki ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya tsattsage gida-gida kamar gawayi, in ka murza da yatsa sai ya zama gari. Ni na ɗauka gara ce, ya ce a'a, gara tana barin gini na ƙasa da hanyoyi a ciki, nan babu ko ɗaya, ko da yake ita ma jiƙaƙƙen katako take so don haka ba a rabu da ita ba in aka bar shi haka. Wannan fumfuna ce, dangin su naman kaza, amma ba irin baƙar nan ko koriyar da ke kwanciya a saman bango ba, ita waccan wari take kawowa da tari amma ba ta cin ƙarfin katako, wannan kuwa cikin take ci. Iri 2 ya ce an fi gani, mai mai da katako ruwan ƙasa ya farfashe kamar namu, da mai mai da shi fari-fari ya yi laushi kamar soso yana zare-zare.

Akwai wadda ya fi tsoro, na ga ya daɗe yana haska tocila a bayan filasta yana nema. Da yamma na duba a waya na ga sunanta, Serpula lacrymans, ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi da lema irin su Ingila, tana miƙa jijiyoyi masu launin toka ta cikin bulo da siminti ta je ta kama katakon da ke nesa, tana kuma zubar da wani gari ja kamar tsatsa. In ita ce aikin ba na taga ɗaya ba ne. Alhamdulillahi bai ga jijiya ba bai ga garin ba.

Amma ɓarnar ta fi yadda na zata. Ƙasan firam na hagu ya tafi, katakon gindin bango na cikin ɗaki ya tafi, sannan wanda ya fi damuna, katakon da ke tsaye a ƙarƙashin tagar yana ɗauke da nauyi shi ma kansa ya ruɓe. Yadda yake gane iyakar ruɓar ya burge ni, sai ya soka bakin wuƙa ya ɓantaro, in lafiyayye ne tsinken yana fitowa dogo da ƙara, in ya kamu sai ya karye guntu shiru. Inda ya ga lafiyayye ma bai tsaya nan ba, ya ƙara santimita 30 sannan ya ja layi, wai zaren fumfunar yana riga abin da ido ke gani yin gaba. Ya tokare wurin da wani katako tukuna kafin ya sa zarto.

A nan muka ɗan yi gardama. Na ce masa Baba ai na ga ana zuba wani gam mai haɗi biyu, efoksi, yana ƙanƙame ruɓaɓɓen katako ya koma kamar dutse, me zai hana mu yi haka mu huta da yanka? Ya ce yana amfani da shi, kuma yana da kyau a ƙaramin rami a jikin firam ko wani ado da ba ya ɗauke da komai, amma sai katakon ya bushe, in ka zuba shi a jiƙe ka maimaita abin da fenti ya yi ne. Abin da ke ɗauke da nauyi kuwa ba a yi masa ciko, ko a canza ko a haɗa masa sabo a gefe a ɗaure da ƙusoshi masu noti. Na yarda da shi, don ni kaina na san sauri nake nema. Na kuma tambaye shi ko a zuba bilic, ruwan nan mai faranta kaya, ya ce fari kawai zai sa wurin ya yi, ba ya ratsa cikin katako, ƙarin ruwa ma ka yi masa.

Abin da ya shafa shi ne maganin boron, farin gari ne ake damawa da ruwa, ya bi duk katakon da ya rage da buroshi har sau 2, musamman kan da aka yanke. Abin mamaki shi wannan maganin lemar yake bi ya shige ciki, don haka yanzu da katakon bai gama bushewa ba ne lokacinsa, kuma yana hana gara. Aibinsa ɗaya, in ruwa ya ci gaba da dukan wurin yana wanke shi, dole a rufe shi da fenti daga baya.

Wajen la'asar na ce to a sa sabon katakon a rufe mana mu kwana da taga. Ya ƙi. Ya ce ba zai rufe bango a kan lamba 24 ba ko nawa zan ba shi, sai ta sauko ƙasa da 20 kafin a rufe, fenti kuma sai wajen 15. Raina ya ɗan sosu a lokacin don ina tunanin ruwa zai iya dawowa cikin dare, amma dai shi ne ya san aikinsa, kuma gaggawar rufewa ce ta kawo mu nan. Muka buga leda mai kauri ta waje, ya bar ƙasanta a sake don iska ta riƙa zagayawa, na kafa fanka tana hura ramin, na aro na'urar tsotse danshi a wurin maƙwabci. Ɗan agogon awon danshin iska da ke jikinta ya nuna kashi 78 cikin 100 da na kunna, ana so ɗaki ya zauna ƙasa da 60.

Kafin ya tafi ya zagaya gidan da ni, ya nuna mini inda na tara ƙasa ta shuke-shuke a jikin bango har ta kusa taɓa katako, ya ce a janye a bar aƙalla santimita 15, ƙasar kuma ta gangara waje ba wajen gida ba. Sabon katakon da zai kawo irin wanda aka dafa da magani ne mai jan ƙarfe a ciki, wai yana cinye ƙusa ta gama-gari da tsatsa, sai mai rufin zinki ko wadda ba ta tsatsa, guntayensa kuma ba a ƙona su saboda hayaƙin guba ne. Zai shafa masa fentin farko ta kowace fuska har da baya da kai kafin a kafa, ya ba shi ɗan gangare, ya yanka masa tsagar nan a ƙasa, ya ce in na sake ɗaukar buroshi in tuna da ita.

Yara suna ɗakinmu yau, an shimfiɗa musu katifa a ƙasa. Maman yara ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ta dai taya ni kwashe garin katakon cikin buhu muka fitar waje. Yanzun nan na je na zubar da tankin na'urar, ya kusa cika, lambar ta sauko 66. Gobe da safe zan ɗauki sukundireba in bi sauran tagogi 5 da gindin ƙofar baya da ƙarƙashin famfon kicin ɗaya bayan ɗaya, Baba kuma zai dawo Juma'a da na'urarsa mu sake awo. Ga shi har an fara yayyafi, ina jin ledar tana kaɗawa, bari in ɗauki tocila in je in duba ko indararon yana zuba.